Kafin ku sa yaro makaranta, a duba bakinsa da kunnensa

Iyaye mata na Katsina, in yaronki ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, irin "Mama ruwa", ko a shekara 3 baƙo ba ya gane zancensa, kar ki jira nazare ta buɗe masa baki. Nawa haka aka yi ta cewa "nauyin baki ne, gado ne". Ashe ruwa ne ya taru a kunnensa, sai na ɗaga murya yake waiwayowa.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Gwajin ji ake fara yi. Ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa a gida, don gaban likita yara kan yi gum.