Darasi na 7: Firgicin da ke bin mutum bayan tashin hankali

To jama'a a buɗe littafi, yau akan ciwon da likitoci ke kira PTSD zamu yi magana. A 1980 aka raɗa masa wannan suna a Amurka bayan yaƙin Biyetnam, amma mu ba sai an ba mu labari ba, wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu a Zamfara ko wadda ta gudo daga Borno ai sun san shi. Mutum ya tsira da ransa amma abin ya ƙi sakinsa, kullum dare mugun mafarki, mashin ya wuce da ƙara sai gabansa ya faɗi zufa ta karyo masa, hanyar da abin ya faru ma ya daina binta. In haka ta wuce wata 1, to ciwo ne. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Mataki na 1, numfashi. In firgicin ya taso ki zauna, ki dafa cikinki da hannu. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga 1 zuwa 4. Sannan ki fitar ta baki a hankali, 1 zuwa 6, kamar mai hura koko mai zafi. Nan ne kowa ke kuskure. Fitarwar ta fi jan tsawo, ita ce ke kwantar da bugun zuciya. A hankali Baba, ba gaggawa. Ja, 4. Fitar, 6. Sake. Yauwa Inna haka ne, kin iya. A sake sau 5.

Makon jiya na ga wasu suna furzar da iskar gaba ɗaya kamar masu hura wuta, wlh sau nawa zan faɗa? 6 nace, ba 2 ba. Kuma in baku gwada a gida lokacin da hankalinku ke kwance ba, ranar da abin ya taso ba zaku tuna ba. Fitar, 6.

Mataki na 2. In ɗan'uwanka ne ke fama, kar kace masa ai ya wuce ka manta, kar ka matsa masa sai ya ba da labari. Ka zauna kusa dashi.

Mataki na 3. Asibiti. Akwai na ƙwaƙwalwa a Dawanau Kano, Barnawa Kaduna, Kware Sakkwato da Maiduguri. Ana warkewa. Wanda ya fara zancen kashe kansa, a kai shi ranar.