Yadda na gyara na'urar duba tikiti a tasharmu ta Maradi

Na'urar da muke duba tikiti da ita a ƙofar motar Yamai ta ƙi karɓar lambar QR (tambarin da kamara ke karantawa a jikin tikiti), kowane tikiti sai jar wuta. Na goge gilashin kamara saboda ƙurar hunturu, na sauya layin waya, na kashe na kunna, shiru.

Ashe batir ne ya ƙare ƙaf da dare, agogonta ya koma baya, sai take ganin ranar tafiya ba ta zo ba. Na shiga Paramètres, Système, Date et heure, na kashe saitin otomatik, na zaɓi GMT+1 (lokacin Nijar), na sa kwanan wata da awa da hannu. Da na rufe manhajar na sake buɗewa, tikitin farko ya ba da kore. Alhamdu lillahi, fasinjoji sannunku da haƙuri.