Yadda za ka rubuta tsarin kasuwanci kafin ka zuba kuɗinka a kwantena

Duk shekara ina ganin samari a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna kwasar kuɗin susu, wato adashi, su sayi kwantena don buɗe shago, su shafa mata fenti, bayan wata shida ka zo ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Yawancinsu ba ragwaye ba ne. Lissafin ne yake cikin kai, bai taɓa sauka kan takarda ba. Sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ishe ka. Kada ka biya wani ya buga maka shafi talatin da Turanci. Wannan sai ranar da banki ko MASLOC, hukumar gwamnati mai ba da ƙananan rance, suka nema, kuma ko a ranar daga littafin nan za a kwaso komai.

A shafin farko rubuta abin da za ka sayar da wanda zai saya. "Kowa da kowa" ba amsa ba ce. Je ka zauna a wurin da ka sa wa ido har kwana uku, ka haɗa da Juma'a da Lahadi. Ƙirga masu wucewa, ka duba shago nawa ke sayar da irin kayanka, da abin da mutane ke tambaya a ce musu babu.

Shafi na biyu na farashi ne. Shiga kasuwannin Kejetia da Adum da ƙafarka ka taya, kada ka dogara da abin da abokinka ya ce ya saya bara. A kan kowane kwali ka ɗora kuɗin 'yar dako da na aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da leda.

Shafi na uku shi ne inda na sha ƙasa, don haka ka yi haƙuri in daɗe a nan. Kasa jarinka gida uku: kuɗin kafa shago, kuɗin kaya, da kuɗin da zai riƙe ka wata uku ko da ciniki bai kankama ba. Ni lokacin da na buɗe shagon kayan masarufi kashi biyu na sani. Mai fili ya ce sai na biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida. Na biya, na sayi firji, na sa mita. Abin da ya rage bai cika kanta biyu ba. Sai na dinga jera kwalayen madara marasa komai a sama don shagon ya yi kama da cikakke. Wata rana wata Hajiya ta nuna ɗaya ta ce, "Ɗan nan, sauko mini da wancan kwalin duka." Na ce an riga an saya. Ta dube ni, ta dubi ƙurar da ke kansa, ta wuce.

Lissafin da ya kamata in yi tun farko ga shi. Tara abin da shago ke ci kullum ko an yi ciniki ko ba a yi ba: haya, wuta, kuɗin shara, yaron shago, da albashinka. Ƙwarai kuwa, albashinka. In ba ka yanka wa kanka ba, kuɗin cefane da na kokon yara da gudummawar suna duk daga aljihun tebur za su fita, ka ci uwar kuɗi kana zaton riba kake ci. A ce jimlar ta kama sidi 60 a rana, ribarka kuma sidi 10 ce a duk cinikin sidi 100. To, sai ka sayar da kayan sidi 600 kafin ka tashi babu ci babu asara. Yanzu koma shafin farko ka tambayi kanka ko mutanen da ka ƙirga za su kawo 600 kullum. In ba za su kawo ba, sauya wuri ko sauya kaya tun kuɗin na hannunka.

Ka bar sarari don tashin farashi. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100, wanda ya sayar a tsohon farashi ya koma kasuwa bai iya mayar da kayansa ba. Bashi kuma rubuta iyakarsa da lamba. A Zango ba ka iya hana kowa, amma ni ban yarda ya wuce cinikin kwana biyu ba.

Sauran ba wuya. Ware kuɗin rajistar suna a ofishin rajistar kamfanoni, lambar Ghana Card ɗinka ita ce lambar harajinka. Sa kuɗin lasisin asambili, wato ƙaramar hukuma, na Aboabo da Asawase a Asokore Mampong ake yi, mai abinci kuma ya ƙara da takardar gwajin lafiya. Buɗe layin MoMo, na karɓar kuɗi ta waya, na shago daban da naka. Sannan kai littafin wurin wanda ya shekara goma a sana'ar, ka miƙa masa jan biro.