Yadda ake gwada na'urar gano ƙarfe ta hannu kafin a ajiye ta ko-ta-kwana

Ranar da za ka nemi na'urar ko-ta-kwana ita ce ranar da babbar ta ƙi aiki, ga ka a tsakiyar fili, babu damar gyara. Saboda haka duk aibin da ke jikin wadda ka saya ta hannu, gara ka tono shi a makon farko. Kuma kada kunnawar farko a cikin ɗaki ta ruɗe ka. Wayoyin lantarki da rodin da ke cikin daɓe suna sa lafiyayyar na'ura ta yi ta surutu, wadda faifanta, wato zagayayyen ɓangaren ƙasa mai jin ƙarfe, ya lalace kuwa za ta iya yin ƙara radau idan ka kusanto mata da cokali.

Fara da gidan batir tun kafin ka kunna. Farin gari ko kore-kore a jikin sifirin alama ce batir ya taɓa zuba a ciki. Dangwala auduga a ruwan khal ka goge, ka bari ya bushe sarai; tsamin khal ɗin ne ke kashe kaifin abin da batirin alkalin ya zubar. Idan ya riga ya ci ƙarfen har sifirin ya saki, na'urar za ta riƙa ɗaukewa duk sanda aka girgiza ta. Sa sababbin batira iri ɗaya, kada ka haɗa tsoho da sabo. Masu batirin litiyam na ciki, irin Minelab Equinox, a cika su da caji a bar su a kunne, a ga awa nawa za su kai.

Faifai shi ne inda ya kamata ka daɗe, domin in ka cire akwatin sarrafawa, babu abin da ya kai shi tsada. Duba kunnuwa biyun da notin roba ke ratsawa. Nan yake fara tsagewa, galibi saboda tsohon mai ita yana ɗaure notin fiye da kima bayan zoben robar da ke tsakani ya cinye. Tsagar kan yi siriri kamar gashi, sai ka haska fitila ka ɗan matsa kunnen da yatsa kafin ta buɗe baki. Sannan ɓamɓare murfin da ke kare ƙasan faifan. Sau da yawa za ka tarar da baƙin yashi ya taru a ciki, wanda shi kaɗai ya isa ya sa na'ura ƙarar ƙarya. Wanke, shanya, mayar. Bi wayar faifan da yatsu daga sama har ƙasa, musamman daidai inda ta shiga faifan, ka nemi wurin da ya lanƙwashe ko aka naɗe da salatif. Zare kan wayar ka tabbatar ƙananan allurorin da ke ciki babu wanda ya karkace ko ya yi tsatsa.

Idan lambar siriyal ta goge ko an kankare ta, ka yi hattara. Akwai jabun Garrett da Minelab a kasuwa, kuma kamfanonin sukan tantance lamba idan aka aika musu. In kuwa White's ce, ka sani kamfanin ya rufe a 2020, don haka samun faifai ko waya sai an yi nema.

Yanzu fita fili, nesa da turakun lantarki, ka kashe wayar salularka ko ka ajiye ta can gefe. Mayar da na'urar kan saitin masana'anta, domin ba ka san abin da tsohon mai ita ya taɓa ba. Ɗaga faifan zuwa ƙugu, ka ƙara ƙarfin jinta har ta fara ƙananan ƙararraki, sai ka rage mataki ɗaya. Daga nan ƙwanƙwasa gefen faifan da tafin hannu, hannun da babu zobe ko agogo, ka kuma motsa wayar. Lafiyayya shiru za ta yi. Idan kowane bugu yana jawo ƙara, to ko waya ta tsinke daga ciki, ko naɗin jan ƙarfen da ke cikin faifan ya saki. Ta farko tana gyaruwa, ta biyun sai sabon faifai. Amma kafin ka yanke hukunci, naɗe wayar a jikin sanda tsam-tsam ka sake gwadawa, domin waya mai lilo kusa da faifai tana kawo wannan alamar.

Sai gwajin iska. Kwantar da na'urar a kan teburin katako, faifan ya zarce bakinsa, ka ɗauko rular roba da abubuwa biyar: sulalla, zoben azurfa, ƙusa, murfin kwalba, da marfin gwangwanin lemo. Wuce da kowanne a gaban faifan, ka rubuta nisan da aka daina jin sa da lambar da allo ya nuna, wadda ke nuna irin ƙarfen. A yawancin na'urori, sulalla kan jiwu a nisan da ya yi kusa da faɗin faifan. Idan faifai mai santimita 22 bai ji ta ba sai a 10, akwai matsala.

Rubutun nan shi ne ainihin aikin. Lambobin allo ba ɗaya suke ba daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga samfuri zuwa samfuri, kuma mita, wato yawan kaɗawar siginar na'ura a daƙiƙa guda, tana sauya abin da na'ura ta fi ji. Garrett ACE 250 tana aiki a kilohaz 6.5, AT Pro kuwa a 15; ƙaramar mita ta fi son azurfa da jan ƙarfe, babba ta fi kama ƙananan abubuwa irin siririn zinare. Wanda ya ɗauko lambobin babbar na'urarsa ya ɗora wa wannan, zai tsallake abin kirki ya haƙo shara. Manna takardar lambobin a jikin sanda da salatif mai haske.

Gwajin ƙarshe na cikin ƙasa ne. Binne sulalla uku a kwance, a zurfin santimita 10, 15 da 20, da tazarar mita ɗaya tsakaninsu. Idan na'urar tana da maɓallin daidaitawa da ƙasa, wato na hana ma'adinan ƙasa ruɗa ta, nemi wurin da babu ƙarfe, ka riƙa ɗaga faifan kana sauke shi tsakanin santimita 3 da 15 har sautin ya daina sauyawa. Share layin sulallan da na'urar a hankali, kamar daƙiƙa biyu daga gefe zuwa gefe, faifan yana dab da ƙasa. Bi layin da babbar na'urarka ma, amma ɗaya bayan ɗaya: in suna kunne tare a kusa, sukan shiga wa juna.

Wajen ajiya, cire batiran ka sa su a leda cikin jakar, tare da notin roba na safaya da abin sauraro mai bakin da ya dace, domin wasu ramin milimita 6.35 gare su, wasu 3.5. Mai litiyam a bar ta da kusan rabin caji, a duba duk bayan wata uku. Kada a bar ta a but ɗin mota cikin rana, zafi yana lalata allo da batir. Sau ɗaya a wata ka fita da ita ita kaɗai na awa guda, don kunnenka ya riƙe sautinta.