Yadda ake tsara labarin zane na jarumi daga tatsuniyoyin Sikandinabiya da soyayya

Wanda ke son tsara irin wannan labari ya kamata ya fara da tushe, wato littattafan nan biyu da ake kira Edda. Ɗaya Snorri Sturluson ne ya rubuta shi a ƙasar Aislan wajen shekara ta 1220, ɗayan kuma tarin waƙoƙi ne da aka adana a wani kundi na ƙarni na 13. Karanta su yana da amfani ta fuska biyu. Labaran na kowa ne, babu mai haƙƙin mallakarsu, amma siffar Thor, gunkin tsawa a tatsuniyoyin, da kamfanin Marvel ya fitar a 1962, mai hula da fukafukai da jan mayafi, mallakar kamfanin ce, kuma kwaikwayonta na iya jawo shari'a. Ban da haka, tushen ya fi armashi: a can Thor jan gemu gare shi, ƙotar gudumarsa gajeriya ce, Loki kuwa ɗan'uwan rantsuwar jini ne ga Odin, shugaban gumakan.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne a sa soyayyar ta ci wa jarumin wani abu mai tsada. A waɗannan tatsuniyoyi ba a samun komai a banza, domin Odin ya ba da ido ɗaya kafin ya sha ruwan rijiyar hikima, Tyr kuma ya rasa hannunsa a bakin kyarkeci Fenrir. Soyayya ma haka take. Freyr ya hango Gerd daga kan kujerar Odin, sonta ya hana shi ci da barci, har ya miƙa wa baransa Skirnir takobinsa mai yaƙi da kansa domin ya je ya nemo masa aurenta. Ya samu matar, amma a ranar yaƙin ƙarshe, wato Ragnarok, zai tari ƙaton wuta Surtr babu takobin, kuma a nan zai faɗi. Mai tsara labari ya ɗauki wannan darasi: tun a fitowa ta farko ya yanke abin da jaruminsa zai sadaukar saboda masoyiyarsa, ya nuna wa mai karatu shi a fili, sannan ya bar bashin yana jiran ranar biya.

Kada a mayar da masoyiyar wadda aikinta kawai a sace ta a ceto ta. Skadi ta shigo Asgard, mazaunin gumakan, da sulke da makamai tana neman diyyar mahaifinta, ta zaɓi miji ta hanyar duban ƙafafu kaɗai, aurenta da Njord kuma ya mutu saboda shi ya kasa jure kukan kyarkeci a duwatsu, ita kuma kukan tsuntsayen teku ya hana ta barci. Saɓani irin wannan, wanda babu mugu a cikinsa, ya isa ya riƙe fitowa da dama.

Sai a koma kan takarda. Fitowar da aka saba a Amurka tana da shafi 20 zuwa 22, don haka a fara zana ƙananan taswirorin shafukan da fensir kafin a rubuta magana ko ɗaya. Faɗa yana son manyan akwatunan hoto da ƙarancin kalmomi, soyayya kuwa tana son ƙananan akwatuna a jere, masu nuna hannu da ido. A gwada da Sigyn, wadda ke riƙe da kwano a kan fuskar mijinta Loki, da ke ɗaure, tana tare dafin macijin da ke ɗigo masa: akwati ɗaya ya nuna kwanon ya kusa cika, na biyu yatsunta na rawa, na uku ta juya za ta zubar. A ajiye ɗigon da ya faɗa masa a shafi na gaba, ta yadda sai mai karatu ya buɗe kafin ya ga ƙasa ta girgiza saboda yadda Loki ke murɗe-murɗe don azaba.