Zuwa Kribi, garin masunta a bakin tekun Kamaru

Kafin ka yanki tikiti, ka fara duba watan da za ka yi tafiyar. Kribi tana kudancin Kamaru ne, inda ruwan sama ke da yawa, kuma ya fi tsanani a Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne sama ke washewa, sai dai a makon Kirsimeti da sabuwar shekara masaukai kan cika, kuɗin ɗaki ya hau.

Mai fitowa daga arewa zai iya hawa jirgin ƙasan Camrail na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, sannan ya shiga bas. Daga Duwala tafiyar kusan kilomita 170 ce, ta garin Edea. Ka kama motar safe, domin akwai manyan motocin katako a hanyar, kuma tafiyar dare ba ta da daɗi. Fasfo da katin allurar shawara su kasance a aljihunka, kada ka cusa su cikin jakar da ke but, don a shingen jandarma su za a fara tambaya. 'Yan Nijar su lura: sefar Kamaru ta Afirka ta Tsakiya ce. Darajarta ɗaya da ta Yamai, amma mai shago ba zai karɓi taka ba, sai ka canza.

Ka tsara kwanakinka yadda Laraba ko Asabar za ta same ka a garin, don a ranakun ne kwale-kwalen masunta suka fi dawowa da kaya a matsayar Mboamanga, bakin kogin Kienke. Ka zaɓi kifinka da kanka. Ɗaga marfin kunnensa: in cikin ja ne jawur, ido garau, naman kuma ya dawo bayan ka danna shi da yatsa, sabo ne. In ido ya dushe, wuce gaba. Mata masu gashi suna nan kusa, kuma kuɗin gashi daban yake da kuɗin kifi, saboda haka a yi ciniki a gama kafin a ɗora shi kan gawayi. Yawancin rigimar baƙi da masu sayarwa daga nan take tasowa. Ana ci da soyayyen filanten ko bobolo, wato curin rogo da ake naɗewa a ganye. Jatan landen Kribi ma ya yi suna, kada ka bari ya wuce ka.

Gangaren ruwan Lobe yana kimanin kilomita 7 kudu da gari, inda kogi ke zubowa kai tsaye cikin teku. Ɗan acaba zai kai ka. In za ka shiga kwale-kwale, ka nemi rigar ceto, kuma ka ji ko kuɗin na zuwa da dawowa ne. A cikin gari akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906.

Wanda ya koyi iyo a tafki kada ya raina teku. Igiyar na janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki. Tsaya inda 'yan gari ke wanka, ruwa kada ya wuce ƙugu.

Sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi tana Mboro, kusan kilomita 35 kudu, ta fara aiki a 2018, kuma bututun man Cadi ma a gaɓar Kribi ya ƙare. Wuraren tsaro ne, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. Sauro kuwa yana da yawa, don haka ka tambayi masauki ko akwai gidan sauro tun kafin ka biya.