Yadda jami'arku za ta shiga gamayyar Erasmus+ kan tarihin masana'antu da tsaron intanet

Wannan bayani na abokan aikina ne malaman jami'a, musamman na sashen tarihi da na kimiyyar kwamfuta, waɗanda ke jin labarin kuɗin Tarayyar Turai amma ba su san ta inda ake shiga ba. Ƙofar da na fi sani ita ce Erasmus+, shirin Tarayyar na tallafa wa ilimi, wanda aka ware wa yuro biliyan 26.2 daga 2021 zuwa 2027. A cikinsa akwai reshen da ake kira CBHE, na ƙarfafa manyan makarantu a ƙasashen da ba na Tarayyar ba, kuma hukumar EACEA da ke Brussels ce ke kula da shi. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna yanki na 9 a lissafinsu.

Kafin ku nemi Bature ko ɗaya, ku zauna ku rubuta matsalarku a shafi guda. A nan nake so mu daɗe, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi. Idan jami'ar Turai ce ta rubuta komai sannan ta aiko muku da takarda ku sa hannu, kun zama 'yan rakiya: za a gayyace ku taro, a ɗauki hoto, a gama aikin, sashenku na nan yadda yake. Masu tantancewa ma suna gane irin wannan takarda, domin maki 30 cikin 100 na dacewar aikin da buƙatar ƙasar da za ta amfana ne.

A ɓangaren tarihin masana'antu abin rubutawa ya yi mana yawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi ya kwashe gyaɗar da aka riƙa tara dalarta. Ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos saboda kuza an rufe shi a 1957, shekarar da masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a Kakuri. Kududdufan haƙar kuza suna nan warwatse a kan tsaunin Filato. Ku je Kakuri ku tambayi tsofaffin ma'aikata, za su nuna muku inda kowane inji yake, su gaya muku yadda jiniyar canjin aiki ke tsara rayuwar unguwa gaba ɗaya. Mutanen nan suna tsufa, injinan kuma 'yan gwangwan na saye da kilo. Wuraren Najeriya biyu da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya, Sukur a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005, babu na masana'anta a ciki. Jamus kuwa ta rufe mahaƙar kwal ta Zollverein da ke Essen a 1986, a 2001 ta shiga jerin UNESCO, yau gidan tarihi ce da wurin karatu. Abin da za ku nema daga abokan Turai shi ne sanin yadda ake auna irin wannan wuri, a rubuta shi, a kula da shi, a samo masa abin yi da zai riƙe kansa. Ku karanta Yarjejeniyar Nizhny Tagil ta 2003 da TICCIH, ƙungiyar duniya ta masu kare kayan tarihin masana'antu, ta fitar, gajeriya ce, kuma harshenta masu tantancewa a wannan fanni suka saba da shi.

Ta fuskar tsaron intanet, kada ku rubuta cewa duniya ta koma kan kwamfuta, kowa ya san haka. Ku rubuta abin da ke faruwa a garinku: kiran waya da ake yi wa dattijo a ce daga banki ne, ya karanto lambar BVN da lambar sirrin da aka turo masa, masu POS da ke riƙe da kuɗin jama'a ba tare da horo ba, ɗaliban da ke gama digiri ba su taɓa zama gaban na'urar gwaji sun kare ta daga hari ba. Ku jingina wannan da doka, wato Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wadda aka gyara a 2024, da Dokar Kare Bayanai ta 2023, ku nuna cewa ƙasa ta yi doka amma masu aiwatar da ita sun yi kaɗan.

Ni a ganina fannonin biyu suna iya zama aiki ɗaya, kuma haɗa su yana sa takarda ta fita daban. Duk ranar da kuka ɗauki hoton takardun albashin tsohuwar masaƙa kuka zuba a kwamfuta, kun tara sunaye da bayanan mutane da doka ta ce a kare. A watan Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa babban ɗakin karatu na Birtaniya, suka kulle na'urorinsa suna neman fansa, aka shafe watanni ayyukansa ba su dawo daidai ba. Idan hakan ya samu Landan, ma'ajiyar da za ku gina tana buƙatar ɗan sashen kwamfuta tun ranar farko.

Sai neman abokai. Ƙa'idar ita ce aƙalla jami'a ɗaya daga kowace cikin ƙasashe biyu na Tarayyar Turai ko masu alaƙa da shirin, da aƙalla jami'o'i biyu daga ƙasarku, kuma kada yawan na Turai ya wuce na wannan ɓangaren. Saboda haka ku fara da maƙwabciyar jami'a, ku daidaita da ita tukuna. Wajen zaɓen Turawa, ku duba waɗanda suka riga suka nuna suna aikin. Jami'ar Paris 1 Panthéon-Sorbonne da ta Padua a Italiya da ta Évora a Fotugal suna gudanar da digiri na biyu na haɗin gwiwa mai suna TPTI kan tarihin fasaha da masana'antu. A tsaron intanet akwai CyberMACS, wanda ya haɗa Jami'ar Kadir Has ta Istanbul da SRH ta Berlin da Jami'ar Cyril da Methodius ta Skopje, akwai kuma CYBERUS da Jami'ar Bretagne Sud ta Faransa ke jagoranta. Ku rubuta wa malami guda wanda kuka karanta aikinsa, ku liƙa shafin nan naku. Wasiƙar da aka aika wa mutum hamsin da kalmomi iri ɗaya ba ta samun amsa.

Aikin ofis kuwa ku sallame shi da wuri. Jami'a na buƙatar lambar rajista da ake kira PIC, mai lamba tara, daga shafin neman tallafi na Hukumar Tarayyar Turai. Ku tambayi ofishin hulɗa da ƙasashen waje ko akwai ta, domin sau da yawa wani ya taɓa buɗewa shekarun baya, kuma buɗe ta biyu rikici ne. Ana fitar da sanarwar neman tallafin ƙarshen shekara, a rufe karɓa a watan Fabrairu, don haka wanda ya fara a Janairu ya makara. Ku fara tun damina.

Kuɗin rukuni uku ne. Na farko, daga yuro 200,000 zuwa 400,000, an tsara shi ne domin sababbin shiga, kuma shi nake ba jami'ar da ba ta taɓa yi ba shawarar ta nema. Na biyu daga 400,000 zuwa 800,000, na uku har miliyan ɗaya, amma shi sai da hannun ma'aikatar ilimi domin gyaran tsari ne na ƙasa. Ana biya ne a dunƙule bisa ƙunshin aikin da aka kammala. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ke jagorantar ƙunshi, shi ke da murya. Ku dage a ba ku jagorancin aƙalla ɗaya mai nauyi, kamar tsara manhaja ko kafa ɗakin gwaji. Kada ku yarda a bar muku yaɗa labari kawai.

Manhajar da za ku tsara ta dace da dokar gida. Tsarin manhaja na CCMAS na Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da kanta, nan ne ya fi sauƙin shigar da sabon kwas. Ku lissafa watannin da zai ɗauka daga sashe zuwa tsangaya zuwa majalisar jami'a, ku sa a jadawali. Idan za a sayi kwamfutoci, ku sa batun wuta a kasafi, hasken rana da batura, in ba haka ba ɗakin gwajin zai yini a kulle. Tarukan Turai kuma ku ba su tazara mai yawa saboda jiran biza.

Kuɗi na shiga hannun jami'ar da ke jagoranci ne, ita ke rabawa. Ku zauna da bursa kafin a sa hannu, a san asusun da yuro zai faɗa da wanda zai iya fitar da shi. A yarjejeniyar abokan tarayya ku tabbatar an rubuta lokacin biya, da wanda ya mallaki kayan aiki bayan an gama, da inda asalin muryoyin tsofaffin ma'aikata da hotunan takardu za su zauna. Ni dai ba na sa hannu sai an rubuta cewa kwafi na farko yana gida, kuma masu muryar sun ba da izini da harshen da suke ji.

Ana buƙatar maki 60 aƙalla, da rabin makin kowane ma'auni cikin huɗun da ake auna takarda da su, kuma cin wannan bai tabbatar da samun kuɗi ba saboda gasa. Idan ba ku samu ba, za a turo muku rahoton masu tantancewa. Ku raba shi ga dukkan abokan, ku bi shi layi-layi, ku sake nema a zagaye na gaba.

Ɗalibanku kuma kada su jira wannan duka. Digirin Erasmus Mundus irin su TPTI da CyberMACS ɗalibi ne ke nema da kansa, kuma wanda ya samu gurbin tallafi ana ba shi yuro 1,400 a wata, har tsawon wata 24, ba ya biyan kuɗin makaranta. TPTI na son Faransanci, saboda haka ɗaliban Maradi da Damagaram da Garwa da Njamena suna da fifiko a nan, na Kano da Sakkwato kuma su fara koyo tun suna aji uku.